Tun Yaushe Kake Jan Mota?

Duk wanda ya san Shekari a Trikania ya san mabuɗin da ke lilo a bel ɗinsa. Da shi yake zuwa coci, kuma in ka biye wa matarsa Celina, da shi yake shiga wanka. Mabuɗin wata tsohuwar babbar mota ƙirar Bilhodi ne ta wani kamfanin kwali da ke Kakuri, wadda Shekari ke shafa wa goshi kowace safiya kamar 'yar fari.

Daga wajen Zonkwa ya zo Kaduna. Ya karɓi lasin a shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, kuma daga nan yake ƙirga shekarunsa, kamar kafin nan ba a haife shi ba. Shekara goma sha huɗu yana kan sitiyari, ko akuya bai taɓa gogewa ba. Boko kuwa a aji uku suka yi sallama, Turancinsa bai wuce "yessa" da "nosa" ba, kuma ya fi sabawa da na farkon.

A ɗakin direbobi akwai takardar dokoki manne a bango. Wilson mai kula da sito ne ya taɓa karanta masa doka ta bakwai: ba a ɗaura wa motar kamfani wata mota a baya. Wanda ya ɗaura, inshora ta zare hannunta. In tsautsayi ne na rana ɗaya, takardar gargaɗi ce. In kuwa hali ne, sallama ce, kuma duk ɓarnar da aka yi direba ne zai amsa ta a kotu.

Wata Asabar da safe a daminar 1986, a-kori-kurar maƙwabcinsa Isiyaku ta ƙi tashi. Wannan a-kori-kurar ce ta kai Celina asibiti ranar da haihuwa ta zo mata a gicciye. Isiyaku bai ma tuna masa ba, tsayawa kawai ya yi yana kallon Bilhodi da ta kwana a ƙofar gida, ya ce nan da garejin Makera ne, ko taba mutum ba zai gama sha ba. Suka ninka igiyar rijiya huɗu suka ɗaura.

A kan wani tudu kafin Makera igiyar ta tsinke. A-kori-kura, wadda birkinta ya riga injinta mutuwa, ta gangaro da baya a hankali kamar mai neman lambar gida, ta shige shagon wani tela mai suna Matthew. Keken ɗinki ya lotse, ƙafar tela ta karye a wuri biyu.

Mako uku ba wanda ya ce wa Shekari uffan a kan maganar. Wannan shirun ne ya hana shi cin tuwo. Manaja, wanda bai taɓa sanin akwai shi a duniya ba, ya fara gaishe shi da suna. Direbobi suka daina roƙonsa goro. Celina ta sa shi ya haddace magana ɗaya tak: sau ɗaya ne, kuskure ne, a yi haƙuri. Yana maimaitawa har a gaban madubin mota.

Ranar Alhamis mutumin inshora ya iso daga Legas da jaka ruwan toka. Ba ya jin Hausa, don haka aka kira Ernest akawu ya yi tafinta. Shi kuwa Ernest a wajen masu doya ya koyi tasa Hausar, kuma ya fi kowa yarda da ita.

Baƙon ya yi tambaya da Turanci, idonsa a kan takarda. Ernest ya gyara murya.

"Baba Shekari, tun yaushe kake jan mota?"

Shekari ya saki jiki. Ashe tarihin aikinsa za a fara tambaya. Ya gyara zama.

"Tun shekarar da aka canza hannu, ranka ya daɗe. Sha huɗu ke nan."

Alƙalamin baƙon ya tsaya. Ya ɗago ya dube shi a karo na farko, ya sake wata tambayar, Ernest ya juya.

"Kullum kake ja? Da motar kamfani?"

"Kullum, ban da Lahadi. Har Kano, har Jos. Ka tambayi kowa."

Baƙon ya daɗe yana rubutu. Shekari na ta jiran a zo wajen da zai ce sau ɗaya ne, amma ba a zo ba. Aka juyo masa takardar, ya zana sunansa da kyau, ya ce yessa, har ya ƙara da murmushi.

Da aka tashi cin abincin rana ya kai wa Wilson kwafin takardar da aka ba shi, a gindin mangwaron bakin sito. Wilson ya karanta, ya sake karantawa, ya ajiye kwanonsa.

"Baba, me ka gaya musu?"

"Gaskiya mana."

Wilson ya ce Bature kalma biyu gare shi, ɗaya ta tuƙi, ɗaya ta janwe, Bahaushe ne ya haɗe su a "ja". Ta janwen aka tambaya. Abin da ke rubuce a nan shi ne shekara sha huɗu yana ɗaura wa motocin kamfani motocin mutane kullum ban da Lahadi, har Kano, har Jos, ga sa hannunsa a ƙasa.

Ya koma ofis da sassarfa. Baƙon ya riga ya kama hanya. Ernest bai ɗago daga tafiretarsa ba, ya ce shi abin da aka faɗa ya juya, bai ƙara ko gishiri ba. Manaja kuma, in ji masinja, yana mitin har sai illa ma sha Allahu.

Ranar Litinin Shekari ya goge takalminsa ya fito da wuri. Celina ta raka shi har bakin titi, abin da ba ta saba ba. A ƙofar kamfani maigadi, wanda kullum yake wangale masa gambu tun daga nesa, ƙaramar ƙofa kawai ya buɗe, ita ma rabi. Ta tsakanin ƙarafan Shekari ya hango Bilhodi a inda ya bar ta, wani direba na zagaya ta yana ƙwanƙwasa taya. A kan bencin maigadi wani mutum mai kakin kotu na zaune da doguwar ambulan a cinya.

Maigadin ya miƙo hannu, idonsa a ƙasa, ya ce an ce ya karɓi mabuɗi.

Shekari ya kai hannu bel. Zoben ya yi tsatsa a wurin, ya ƙi fita. Yana cikin kokawa da shi mai kakin ya miƙe, ya duba bayan ambulan, ya tambaya ko shi ne Shekari mai jan mota.