Gurbi Ɗaya a Motar Bakin Badala

Ku matso ku ji, wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Na tsufa a Masanawa ban taɓa hawa Dutsen Dala ba. Birni kam na je sau biyu, duk asibiti, daga mota sai gadon mara lafiya. Aminiyata, wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu tun muna amare, ita ta san Kano, don 'yarta tana aure can. Shekara da shekaru tana ce mini wata rana za ta kai ni, mu hau tare, ta nuna mini birnin daga sama. Ranar kuwa ta zo, bayan an gama roron wake.

Muka shiga mota a Kabo da hantsi. Da muka sauka Kabuga sai muka tarar da jama'a tsaye cirko-cirko, titi fayau. Aka ce mana masu adaidaita sahu sun tafi yajin aiki, ko guda ba za ta fito ba. Ni ban san hanya ba, ban iya karanta allon titi ba, waya kuma tana hannunta. Ta ce kada in damu, inda ta sa ƙafa nan zan sa.

Muka taka. Muka bi gefen badala, rana tana dukanmu, gwiwoyina suna ƙara. Kowace mota ta zo a cike take, mutane har kan cinyar juna. Can wajen azahar wata ƙaramar mota ta tsaya a gabanmu, direban ya leƙo ya ce cikin gari zai shiga, amma gurbin mutum ɗaya ya rage.

To, a garinmu akwai kara. Idan abu ɗaya ne mutum biyu, sai ki ce wa 'yar'uwarki ta ɗauka, ita kuma ta ce a'a, ke dai. Ki sake, ta sake. A ƙarshe ko a raba ko a haƙura gaba ɗaya. Haka muka yi da ita a kan tabarma, a kan tsokar nama, a kan komai. Shi ya sa na buɗe baki na ce, "Ki shiga mana."

Ina jiran a'arta, sai na ga ta tattare zani ta shige.

"Yaya, ki zauna nan kada ki motsa," ta ce ta taga. "Yanzu zan turo mijin yarinyar ya ɗauke ki."

Na zauna gindin wata darbejiya, kusa da wata mata mai suyar awara. Ta ba ni ruwa na yi alwala, na yi azahar a kan mayafina. Ta tambaye ni wa nake jira, na gaya mata. Ta ce, Inna, wace unguwa ce? Sai a lokacin na gane ko sunan unguwar ban sani ba. Ta nuna mini wani tudu can nesa bayan rufin gidaje, ta ce shi ne Dala. Na dube shi. Na yi la'asar a wurin nan, ba wanda ya zo.

Mai awarar ce ta tsaya bakin titi ta tare wata akori-kura da ta sauke hatsi za ta koma Gwarzo. Ta roƙi direban, ya ce in hau don Allah. A kan buhunan da babu komai na dawo gida.

Kwana uku sai ga aminiyata, da tsarabar dabino a leda. Ta ce motar surukin nata ba mai, da ya samo ya je bai gan ni ba. Ta ce washegari ababen hawa suka dawo, har ta hau dutsen da jikokinta. Ta ciro waya za ta nuna mini hoton. Na tambaye ta abin da ya sa ta shiga ta bar ni.

"Haba Yaya, ai ke kika ce in shiga."

Ta faɗa ne tana kallon ƙasa, domin ta san abin da maganar take nufi a bakina.

Na karɓi dabinon na yi godiya. Muna gaisawa har yau, na je sunan jikarta, ta zo mini jaje da akuyata ta mutu. Amma akwai wata 'yar kafa a jikin katangarmu, inda muke miƙa wa juna garwashi da gishiri. Da damina ta wuce na sa aka kwaɓa ƙasa aka toshe ta.