Ganyen da Na Hana Malam

Rubuta, 'yata, ni ban iya ba, kuma na gaji.

A bayan garin Gadarif, a ƙasar Sudan, na tashi. Da an yi sallar magariba sai Haboba, kakarmu, ta hura karan dawa mu kewaye ta. Takan ce, "Ku matso, jikokin banza, tatsuniya ba ta son nesa."

Wadda ta fi ba mu ita ce ta ganyen ƙaiƙayi, wannan da ke fitowa bakin kwari da damina, wanda in ya taɓa fata sai ta yi ruɗu-ruɗu. Wai an yi shekarar yunwa, wata uwa ta riƙa tsinko shi da hannu tana dafa wa 'ya'yanta, domin in ya dahu zafinsa kan mutu. Tana ɓoye hannuwanta cikin zane. Wata rana autan ya ga yadda suka kumbura, ya rantse ba zai ƙara ci ba. Sauran suka ci suka kai kaka. Shi bai kai ba.

"Yunwa ta kashe shi, Haboba?"

"Tausayi dai," in ji ta. "Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

Da gwiwoyin Malam, mahaifinki, suka sandare, ni nake tsula masa ganyen nan ɗanye a kansu, kamar yadda tsofaffinmu ke yi, har jini ya motsa ya iya tafiya yankan riɗi a Fashaga. Shekara da shekaru haka. A daminar ƙarshe na ga fatarsa ta yi laushi, tana fashewa. Na ajiye ganyen.

Ya ce, "Hauwa, ki daure mana. Ni da ke shan zafin ban yi kuka ba."

Na ce ba zan iya ba. Motar masu yanka ta tafi ba shi. Daga wannan zaman bai sake miƙewa ba har ya rasu.

Likita ya ce ciwon ya fi ƙarfin ganye. Wataƙila. Ni dai abin da ke sa ni kuka, ya roƙe ni abu ɗaya, na duba zuciyata maimakon ƙafarsa.

Yau kwana tara nawa gwiwoyin sun hana ni taka ƙofar gida, kina cewa za ki kwashe ni zuwa garin Fau. Ba inda za ni in bar ɗakinsa. Ajiye alƙalamin, ki naɗe hannunki da tsumma, ki je bakin kwari ki tsinko ganyen, ki zo ki tsula mini. In na yi ihu, kada ki tsaya.