Daddawar Goggo a Damagaram

Ana idar da sallar asuba muka bar Azare, ni da Goggo, ƙanwar babanmu, za mu bikin 'yar aminiyarta a Damagaram. Tun a tasha ta fara min huɗuba: waya a cikin riga, katin shaida a lalita, kuma kar na ba kowa riƙon jaka ko da rawani ne a kansa. Na dubi kunnenta na ga wayam. Goggon da ba ta rabuwa da 'yan kunnen zinaren da ta gada wajen mahaifiyarta!

"Suna inda ɓarawo ba zai kai hancinsa ba," ta ce, ta tsuke baki.

Mun wuce Sakwa gero ya fara fid da kai. A Katagum muka sayi soyayyen kifi mai zafi, muka yi ta fama da ƙaya har Haɗeja. A Maigatari 'yan canji suka yanyame mu, damin nairarmu ya koma 'yan sefa da ko tafin hannu ba su cika ba. Duk tsawon hanyar nan buhun tsaraba yana kan cinyar Goggo, kuka da kuɓewa da daddawa. Direba ya yi magiya a sa a but, ta ce sam.

Mun isa bayan la'asar. Aka tarbe mu da shayi da burodinsu dogo kamar sanda. Goggo na yin isha'i barcin gajiya ya kwashe ta. Ni kuwa sarkin hankali, na ce bari na hutar da ita, na kinkimi buhun na kai wa uwar amarya. Ta yi ta sa albarka, ta ce da daddawar za a yi miyar biki.

Da safe Goggo ta laluba gefen katifa. Ina faɗa mata inda buhun yake ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ke yarinyar nan kin kashe ni! 'Yan kunnena suna cikin daddawar!"

Ba mayafi, ba takalmi, ta yi madafa da gudu. Tun daga nesa muke jin lugude. "Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!"

Aka kife turmi a faranti. Ɗaya lafiya lau, ɗayan taɓarya ta same shi, ya baje. Goggo ta zauna a ƙasa tana goge su da bakin zani, hawaye na zuba. Wallahi ban taɓa ganin kukanta ba. Can ta sunsuna su, sai ita ta fara fashewa da dariya, matan suka ɗauka.

Mun dawo Azare lafiya, ko allura ba a sace mana ba. Abin da na koya, ɓoyo yana da kyau a ƙasar mutane, amma ya kamata abokin tafiyarka ya san inda ka ɓoye. Na roƙi Goggo mu kai wa maƙeri ɗan kunnen ya gyara, ta ƙi. Haka take yawo da shi a baje, kuma duk wanda ya tambaya, ni take nunawa.