Ranar da Bidiyon Kaka Ya Ƙi Nuna Iyakar Gona

Na danna bidiyon, murya ta fito, hoto ya ƙi. Fuskar wayar ta yi kore shar kamar ganyen alayyafo. Wallahi ko na tsufa ba zan manta da wannan hantsin ba.

A ƙofar mai unguwa muke, can wajen Tagwai, a kan gonar da Kaka ya yankar wa Mama tun yana raye. Ba takarda. Irin na mutanen da, da ƙafarsa ya taka iyakar yana nunawa, ni kuma ina binsa da waya ina ɗauka. Bayan rasuwarsa sai Kawu, yayan Mama, ya ce shi bai san zancen ba. To yau ga ranar shaida, ga muryar Kaka tana cewa "daga nan zuwa can na 'yata ne", amma ba a ganin inda yake nunawa.

Kawu ya yi dariya. "Ina ne can ɗin? Bida ko Suleja?"

Har masu rakiyarmu suka murmusa. Mama ta taɓa ni, ta ce a hankali, "Bar shi, Allah na nan."

Na ce, "Mama, Allah na nan, bidiyon ma na nan."

Mai unguwa ya ce a ɗage zama. Ni kuwa na san me ɗagewa ke nufi. Ruwa ya sauka, gobe Kawu zai zuba iri, daga nan kuma sai bayan girbi, in ma an saurare mu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar. Ba inda za ni."

Kawu ya ce, "Ke, da manya kike magana fa."

Na ce, "Shi ya sa na durƙusa, Kawu."

Yanzu in na tuna, bakina kawai ke da ƙarfi. Na kashe waya na kunna, kore. Na gwada tura wa wayar wani, fayil ɗin ya yi nauyi, sabis kuma sanda ɗaya. Can na tuna jiya a Bosso na samu intanet na kyauta, manhajar kallon bidiyo ta yi afdet, wato ta sabunta kanta. Ashe bidiyon lafiyarsa ƙalau, ita ce ta canza hali. Na shiga setin ɗinta ina bi ɗaya-ɗaya, har na iske inda ake zaɓar mai buɗe hoto, injin wayar ko manhajar kanta. Sabuwar manhajar ta mayar da shi kan injin, tsohuwar wayata kuwa ba ta iyawa. Na canza shi zuwa manhajar.

Sai ga Kaka da sandarsa, yana nuna daga ɗorawa zuwa bakin rafi. Wa ke riƙe masa lema? Kawu, yana ta gyaɗa kai.

Mai unguwa ya kalla sau biyu, ya miƙa wa Kawu wayar. Kawu bai karɓa ba. Gyaɗa Mama ta shuka a wurin a shekarar.

Tun ranar na hana wayata sabunta komai sai da izinina, bidiyon kuma na ajiye shi wuri uku. Na kuma koyi cewa in abu ya ƙi buɗewa, ba lallai ya mutu ba, kar ka bari a tashi taro a kan haka. Har yau wasu a dangi na ce mini mara kunya, ko a jikina. Ku da kuna wurin, za ku yi shiru a ɗage zaman?