Ƙibar da Muka Yi Ta Yabo

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, wasu ko an tuna mini sai na yi ta lalube. Amma ranar da na je Dugabau duba matata tana jego, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwarzo, zamanin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Mu malaman makaranta muka rasa abin da za mu tsuke, tunda aljihun ba komai a ciki. Duk da haka ban taɓa jin ni matsiyaci ba ne, saboda matar da Allah ya ba ni. Siririya ce, ga surutu, ga tsokana. In na dawo kaina duk farin alli, sai ta ce, "Malam, yau ma allon ne ya yi nasara?" Ni kuma in rama da cewa ta riƙe ƙofa da kyau kada iska ta ɗauke ta.

Da cikinta na fari ya tsufa, aka zo aka tafi da ita gidansu goyon ciki, kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, aka sami mace. Na je suna, amma tsakanina da ita sai hange, don uban ɗan fari ba ya rawar kai a gidan surukai. Na dawo Gwarzo ɗaki ya yi mini faɗi. Na yi kewarta ƙwarai, ba kuma wanda zan faɗa wa, don abokaina dariya za su yi mini.

Kowa ya san yadda jego yake a wajenmu a wancan zamani. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki. Ta sha kunun kanwa har ta ƙoshi, ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Haka za a yi ta yi har arba'in, duk don kada sanyi ya shige ta. Duk wanda ya zo daga Dugabau kuwa albishir ɗaya yake kawo mini: "Malam, jego ya karɓi matarka, ta yi ɓul-ɓul!" Ni kuma in yi ta murna, ina tanadin tsokanar da zan yi mata.

Da haƙuri ya ƙare, wata ranar Asabar na ari keke na kama hanya. Na tarar da surukina a zaure, muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, na tambayi gona. Sannan ya ba mu wuri, aka aika a kira ta.

Daga ɗakinta zuwa zaure ba wani nisa, amma sai da na gaji da jira. Ta shigo tana dafa bango, ba takalmi a ƙafarta, don ba wanda yake shigarta. Fuskar ta cika, warwaron hannunta ya nutse cikin fata. Ta zauna tana haki kamar wadda ta ɗebo ruwa daga rafi.

"To, Malam," ta ce, tana tsayawa tana jan numfashi, "yanzu sai iskar ta zo mu gani."

Na yi dariyar yaƙe. Na kai hannu na danna bayan ƙafarta da babban yatsa. Yatsan ya nutse kamar a tuwo mai zafi, na ɗauke, ramin ya tsaya bai ciko ba. Ta dubi ramin, ta dube ni, sai wasan ya bar fuskarta.

"Ba na iya kwanciya," ta ce a hankali. "In na kwanta sai in ji kamar ana danna ni cikin ruwa. A zaune nake barci. Na faɗa wa Inna, ta ce sanyi ne, aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa. Malam, don Allah ka tafi da ni."

Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da surukata ba. Ranar na tsaya a bakin ƙofar cikin gida na yi sallama da ƙarfi, na durƙusa. Inna ta amsa daga bayan zana.

"Inna, alfarma nake nema. Ina so in kai ta asibiti."

"Asibiti da ɗanyen jego? Haba Malam. Ba a fitar da mai jego kafin arba'in. Haka aka yi mini, haka na yi wa yayyenta, ga su nan garau. Kai ba ka ga yadda ta murmure ba?"

Ba na so mai karatu ya ga laifin wannan baiwar Allah. Kullum kafin assalatu ta tashi ta hura wuta, hannuwanta duk tabon ƙuna. Abin da ta sani na ƙauna shi take yi. Surukina ne ya dawo ya tsaya ya saurari numfashin 'yarsa, sannan ya ce, "Ku bar shi ya kai ta."

Ana wahalar man fetur, sai bayan la'asar muka sami a-kori-kura mai ɗaukar hatsi. A asibiti wata nas, mutuniyar Filato, tana ganin ƙafar ta tambaya, "Wankan jego take yi?" Likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce haihuwa kan bar zuciyar wasu mata da rauni. Kanwa kuwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafin wanka da na gado kuma suna sa zuciya aiki ba hutu. Da zuciyar ta gaza tura jini, sai ruwa ya taru a ƙafa da ciki da huhu. Abin da muke ta yabo ke nan.

Aka rubuta magani, na zaga kemis-kemis har na samo. Cikin 'yan kwanaki kumburin ya saɓe, matata ta dawo siririyarta, har tana ce wa nas ɗin a auna ta kada a sallame ta da ragi. Amma likita ya kira ni gefe ya ce zuciyar ta riga ta buɗe, sai dai lallaɓawa.

Na dawo da ita Gwarzo, Inna ta biyo mu ta zauna da mu. Watannin nan su ne mafi daɗi da na taɓa yi. Ba ta iya aiki, sai ta zauna a tabarma da jaririya a cinya, tana gyara mini yadda ake tuƙa tuwo, tana dariya har tari ya kama ta. Da damina ta faɗi, wata safiya da hantsi, tana jingine da kafaɗar Inna, Allah ya karɓi abarsa.

Shekaru suka wuce. Zamanin da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, mata suka cika Islamiyyu, ana ta tambayar me addini ya ce, me al'ada ta ce. A shekarun nan 'yata ta yi haihuwar fari. Dangin mijinta suka iso da itace da ƙunshin kanwa. Ina ta shirya maganar da zan yi musu, sai ga Inna, ta tsufa tukuf, tana dogara sanda. Ta sa sandar ta ture ƙunshin.

"Ruwa mai ɗumi kawai," ta ce. "Kunu kuma ba kanwa. Ni na yi wa uwarta wankan, ku tambaye ni inda take."

Ni kuwa na fita waje, don kada a ga namiji da furfura yana hawaye.

Na sake aure, Allah ya ba ni zuriya, na gode masa. Amma har yau kewarta ba ta sake ni ba, kuma na daina sa ran za ta sake ni. Abin da rasuwarta ta koya mini shi ne, in mutum ya ce jikinsa ba daidai yake ba, a saurare shi, ko da duk gari na cewa ya yi kyau. Ita ta faɗa tun da wuri, mu ne muka tsaya yabon ƙiba.