Baba Teyo Ya Tafi da Namijin Caki

Shekara bakwai ke nan rabona da garinmu Karakas, amma ban san nisan ba sai ranar 16 ga Oktoba. Ina bakin titi a Lima, a ƙasar waje, ina gasa wainar masara, Yusmary ta kira ni tana kuka: mahaifinta Eleuterio Mijares, wanda duk unguwar San Agustín ke kira Baba Teyo, ya rasu. Na kashe wuta, na zauna a kan bokiti. Ba ni da takardar tsallaka iyaka ko ɗaya, balle in je jana'iza.

Baba, tun ban san kaina ba kake kaɗa caki a bayan mawaƙan salsa, sunanka can ƙasan kwalin faifai, in ma an tuna. Kai ka koya min cewa caki namiji ne da mace, shi mai kaurin murya, ita mai zaƙi. In za a naɗi waƙa ba ka taɓa na roba, wai ihu yake yi wa makirfo. Sai na ƙirgi, ɗinkin hannunka. Ranar da na fara gwadawa ka damƙe min gwiwar hannu.

"Kai Argenis, ƙuda kake kora? Wuyan hannu kawai! Ƙwayoyin su faɗi tare, tas, ba kamar ana zuba shinkafa a kwano ba."

Da zan bar ƙasa ka ba ni macen mafi kyawun cakinka, ka riƙe namijin. "Ko don ita ai ka dawo."

Bana muka soma faifaina na farko, waƙa takwas. Ina aiko murya daga nan, kai kana shiga situdiyon Nelson da wani cakin. Ka yi waƙa biyu, damina ta sauka, ka tsaya. Ƙirgi ya sha danshi, muryarsa ta dushe, sai rani. Na tuna maka Nelson zai sayar da na'urorinsa ya gudu shi ma. Na roƙe ka ka ɗauki na roba, ba wanda zai gane.

"Ni zan gane, ɗana."

Ban ɓoye maka ba, na ji haushi, har yanzu ma da saura. Tsufana zai riske ni a bakin kasko, kai kana jiran rana ta busar da fata. Amma jiya na saurari biyun nan, kuma gaskiyarka ce. Ka zauna can ƙasan ganguna, ba ka tsere wa kowa ba, amma in an cire ka waƙar ta zube. Ba ni da wanda zan ba sauran shidan.

Matarka Mama Zoraida ta sa maka namijin a hannu kafin a rufe akwati, kamar yadda ake yi wa makaɗa. Ban ga laifinta ba. Naka ne.

Allah ya ji ƙanka, Baba, ya gafarta maka, ya ba ka hutu. Mama Zoraida, Yusmary da mutanen San Agustín, Allah ya ba mu haƙuri.

Nelson ya sayar da kayansa. Abin da na tsira da shi: waƙa biyu, shida babu caki, da mace ɗaya a ƙasan jakata, wadda muryarta ta fara dushewa da danshin Lima.