Ɗan Fari a Jirgin Gusau

Ni ba mai yawo ba ce. Kafin shekarun fari iyakata kasuwar Isa, ita ma sai da dalili. Amma da gero ya yi ta ƙonewa a gona, rijiyoyin Gatawa suka ja baya, maigidana ya samu aikin dako a tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, ya aiko aka kai ni da yaron. A wurina Ƙaura ƙasar waje ce. Har furarsu daban take.

Yaron ɗan farina ne, lokacin ya fara tafiya, yana faɗuwa yana tashi. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, haka ma uba. "Kai" nake ce masa. In ya faɗi sai in kau da kai, wata ta ɗaga shi. Ga shi surukata ta aiko cewa bayan salla a kai mata shi yaye, kuma ɗan fari in ya je gidan kaka, ya zama nata.

Abin da nake so ƙarami ne: yini guda in yi wasa da ɗana, in kira sunansa, inda ba wanda ya san mu. A Ƙaura ba dama, unguwarmu cike take da Gobirawan da fari ya koro.

A bakin famfo na haɗa shirina. Ban yi karatu ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya zuba. Matan ma'aikatan tasha suka ce mai ƙaramin yaro kada ta yi nisa, Gusau ta isa, a je da safe a dawo da yamma. A riƙe fura a dunƙule, kada a dama, jirgi na girgiza. A ɗauki zane biyu, don yaro ba ya sanarwa. Kada a ce sai an ga ko'ina, a samu inuwa a zauna.

Na ce wa maigidana, "Malam, za ni Gusau a jirgi."

"Yin mi?"

"Ganin Gusau."

"Ke da ko ƙohwar gida sai an tura ki?" Can ya ce, "To, ni ma za ni. Ina son gilashin hitila." Sai ka ce Ƙaura ba a sayar da shi.

Da jirgi ya yi kuka yaron ya tsandara ihu, da ya fara tafiya kuma ya hau tafi. Ta taga ƙasa ta bushe ƙamas, shanu duk haƙarƙari, amma ni ranar ba su nake kallo ba. Na ɗora shi a cinya, ina yi masa cakulkuli, sunan yana kan harshena. Malam ya rufe ido wai barci, amma ina ganin bakinsa na motsi.

Sai wata tsohuwa da ke fuskantarmu ta gyara lulluɓi, na ga zanen Gobirawa a kumatunta.

"Ɗiyata, daga ina?"

"Gatawa, Inna."

"Gidan wa?"

Na faɗa mata. Ta tafa hannu. "Haba! Ni da surukarki rumhwa guda muke sai da daddawa kasuwar Isa!"

Ban san sa'ad da na zame yaron daga cinyata ba. Na naɗe hannu, na maida ido kan taga, ita kuwa ta shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin amsawa na waiga, sai na hango shi ya bi tsakanin kujeru, ya nufi ƙofa, ga ta a buɗe.

"Kai! Kai!" Maza uku suka juyo, shi ko a jikinsa.

Sai na kwarara sunan, da dukan muryata. Ashe Malam ma ya kira, muryoyinmu suka haɗu. Yaron ya tsaya cak. Ya juyo yana kallona baki buɗe, bai taɓa jin sunan daga bakina ba. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya rugo ya faɗa jikina.

Na riƙe shi, na kasa ɗaga ido. Malam ya shiga gyaran hula.

Tsohuwa ta fasa goro a hankali, ta miƙo mini rabi. "Jirgin ga ya cika ƙara, ni kuma kunnuwana sun tsuhwa. Ban ji komi ba." Ta ɗan karkato. "Sake kira nai, ɗiyata, in gani ko za ni ji."

Na sake. Ta ce ba ta ji ba. Har muka isa Gusau ba ta ji ba.

Gusau ɗin, inuwar wata tsamiya kawai nake tunawa, da fura har a gashin yaron. Gilashin fitila kuwa sai a Ƙaura Malam ya saye shi. Bayan salla na kai yaron Gatawa da kaina, na miƙa wa kakarsa na ce, "Ga shi nan," na kau da kai yadda ya kamata. Shi kuwa yana ta jan zanena, yana jira in sake kiran sunan.